Ofis a Cikin Jakar Goyo: 'Yan Ci-ranin Intanet Daga Yankara Zuwa Kigali

A watan Satumban 2021 wayoyin mutanen Yankara suka koma ba su da aiki sai haska hanya da duba lokaci. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Faskari, inda Yankara take, da Ƙanƙara da Sabuwa, don toshe wa 'yan bindiga kafar samun bayanai. Kafin nan an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da fetur a jarka, daga baya kuma aka rufe shagunan cajin waya. Masu POS suka naɗe tabarma, saƙo ya koma hannun direbobi a tasha. Sai wajen watan Disamba aka fara dawo da sabis.

Manomi ya ci gaba da girbin masararsa. Amma duk matashin da abincinsa ke cikin kwamfuta, ko da ba su da yawa a yankin, ba shi da zaɓi sai ya rataya jaka ya nufi Zariya ko Kano. Irinsu su ne mai fassara takardu zuwa Hausa ga kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba, da mai zana tambarin kasuwanci, da mai rubuta manhaja, da mai naɗar murya don a koya wa na'ura jin Hausa. Wanda kuwa ya gane cewa aikinsa na bin sa duk inda akwai wuta da sabis, ba a daɗewa zai fara tunanin Akra ko Kigali ko Dubai.

Tunanin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1997 wani injiniyan Japan, Tsugio Makimoto, da marubuci David Manners suka fitar da littafi mai suna Digital Nomad, suka yi hasashen cewa na'urori za su raba aiki da ofis. Annobar korona ce ta gaskata su. Da otal-otal suka zama kufai a 2020, tsibirin Barbados ya fito da bizar zaman shekara guda ga mai aiki daga nesa a watan Yuli, Istoniya ta biyo baya a Agusta, Dubai a Oktoba. Fotugal da Malesiya da Namibiya suka shigo a 2022. Yau ƙasashe gommai ne ke da irin wannan biza, kuma sharaɗinsu kusan ɗaya ne: ka zo ka kashe kuɗinka a nan, amma albashinka ya fito daga waje.

Daɗin abin ba ɓoyayye ba ne. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ake biyansa dala dubu a wata ya wayi gari yana riƙe da gida guda, har da kuɗin taki da na makarantar ƙanne. Ga kuma abin da sai wanda ya taso a yankin dajin Rugu zai san darajarsa: ya kwanta barci bai kasa kunne ga ƙarar babura ba, ya yi taron aiki na sa'a biyu ba tare da janareto ya shaƙe a tsakiya ba.

Sai dai ƙofar da hotunan Instagram ke nunawa a buɗe, a gaban mai koren fasfo rabi-rabi take. Fotugal na neman mai wannan biza ya nuna yana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a 2025 ya kama yuro 3,480 a wata, wato sama da naira miliyan biyar. Barbados na neman dala 50,000 a shekara. Malesiya, wadda 'yan Arewa da yawa suka sani ta hanyar karatu, ta fi sauƙi da dala 24,000 a shekara ga masu aikin fasahar kwamfuta. Ko mutum ya cika sharaɗin, akwai sauran rina a kaba: a 2024 an ƙi amincewa da sama da kashi 40 cikin ɗari na takardun 'yan Najeriya masu neman bizar shiga Turai, kuma ba a mayar da kuɗin da aka biya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024.

Shi ya sa hanyar da ta fi zama gaskiya ga ɗan Faskari ko Sabuwa ba ta Lisbon ba ce, ta cikin Afirka ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga Gana ko Benin ko Senegal ya zauna kwana 90 ba biza. Kuma a nan yana da gadon da Bature mai kwamfuta ba shi da shi. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga tun ƙarnuka da suka wuce, suka bar zango a kusan kowane gari. Wanda ya sauka a unguwar Nima a Akra zai ji Hausa a masallaci da bakin titi, ya karya da koko da ƙosai, ya ci tuwo da dare. Abin da zai girgiza shi kuɗin haya ne, don masu gidaje a Akra sun saba neman na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga shi unguwannin da intanet ya fi ƙarfi su ne masu tsada.

Kigali wani launi ne daban. Ruwanda ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka su shiga ba tare da neman biza tun daga gida ba, kuma birnin na da wuraren aiki na haɗaka irin su Norrsken House, inda mutum ke biyan kuɗin kujera da intanet. Baƙo zai fara koyon doka tun daga filin jirgi, domin an haramta leda tun 2008, kilishin da aka ƙunso a cikinta sai ya nemi wani mazubi. Ɗan acaɓa ba zai ja ba sai fasinja ya sa hular kwano. Safiyar Asabar ta ƙarshen kowane wata shaguna a rufe suke, kowa ya fita aikin gayya. A 2018 hukumomi suka hana kiran salla da lasifika a wani sashen birnin, don haka mutumin da ladan ke tayarwa tun yana yaro zai koma dogaro da agogon waya. Ran Juma'a sai ya hau babur zuwa Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa, ya sha shayi mai madara ya ɗan ji kamar yana gida.

A nan ne bambancin ya fi ciwo. Ɗan ci-ranin da ya bar Yankara bayan girbi ya tafi Legas ko Ibadan, a hannun mai gida yake sauka. Mai gida zai ba shi wurin shimfiɗa, ya tsaya masa idan ya shiga rigima, ya haɗa shi da abokan ciniki, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya bayyana game da unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Sana'ar ce da kanta ke tura shi cikin mutane. Shi kuwa mai kwamfuta sana'arsa ɗaki take kulle shi. Idan abokan aikinsa suna Kalifoniya, ƙarfe tara na safensu shida ko bakwai na yamma ne a Kigali, sai ya raba dare yana aiki ya wuni yana barci. Mako na iya wucewa bai yi doguwar magana da kowa ba sai mai kawo abinci. Babu majalisa, babu wanda zai lura bai fito sallar asuba ba.

Gida ma ba ya barin sa. Tsohuwa za ta kira ta ce, "Wai kai ɗan nan, aikin me kake yi ne da ba a fita?" Shi kuma ya yi ta kwatance, "Inna, rubutu nake yi wa wasu mutane," yana sane da cewa a majalisar unguwa wasu sun riga sun yanke hukuncin damfara yake yi. Sunan cewa yana waje kuma nauyi ne: biki, jinya, da abin da ba a so a faɗa, gudummawar kuɗin fansa idan an ɗauki wani a dangi. Mafi muni shi ne ya ga labarin hari a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau a Facebook, ya buga waya goma ba wadda ta shiga.

Wasu za su ce ai yanzu ba sai an tafi ba. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma da shi da faranti biyu na sola mutum na iya aiki daga ko'ina. Gaskiya ne a Kano ko Katsina. A ƙauyen da ake gudun a san mutum na da abin hannu, farin faranti a kan rufi talla ce da ba kowa zai so ba.

Sauran wahalar ta takardu ce. Shekara da shekaru PayPal bai bar 'yan Najeriya su karɓi kuɗi ba, sai aka koma ga Payoneer da makamantansa, kuma asusu na iya daskarewa don kawai an buɗe shi daga wata sabuwar ƙasa. Izinin shiga na kwana 90 ba izinin zama ba ne, wanda ya zarce tara na jiran sa a bakin iyaka. Ƙasashe da yawa kuma na ɗaukar wanda ya kwana 183 a cikinsu a shekara a matsayin mai biyan haraji. Ita ma Najeriya ta gyara nata lissafin: sabuwar dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗora wa mazaunin ƙasa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Wajen tantance mazauni kuwa ba kwanaki kaɗai take dubawa ba, har da gida da iyali, don haka wanda ya bar mata da 'ya'ya a Funtuwa yana iya kasancewa cikin lissafin alhali yana zaune a Kigali.