Makitsiya da Sana'arta a Ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, wadda ta shimfiɗu a kwarin Dallol Mauri cikin jihar Doso, kuma aka raba ta gida biyu a shekarar 2011 aka sami gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, kitso yana cikin sana'o'in mata waɗanda babu gidan da ba su shiga ba. Wanzami yakan gaji aska daga mahaifinsa, kuma shi ne a da yake tsaga wa jariri zanen nan na Arawa mai tashi daga gefen baki ya nufi kunne. Makitsiya kuwa, ko da ta buɗe ido ta tarar da uwarta ko gwaggonta tana yi, ba a cewa ta gada sai hannunta ya nuna.

Yarinya takan fara tun tana ƙarama, tana kitsa ciyawa ko gashin masara, daga nan ta koma kan ƙannenta, waɗanda ke shan ja da kuka kafin layinta ya miƙe. Idan aka ga tana da sha'awa, sai a bar ta ta riƙa zama kusa da wata tsohuwa a unguwa, tana yi wa masu zuwa tsifa, wato warware tsohon kitso, tana miƙa mai da tsinke, har wata rana a ba ta ƙeya ta ƙarasa. Ranar da babbar mace ta miƙa mata kai da kanta, ranar ce ta shiga sahun makitsa, ba tare da wani biki ba.

Kayan aikinta ba su da yawa: tsinken tsaga, da mataji, da man shanu wanda Fulani ke kawowa daga ruga, da ganyen yoɗo, wanda Kanawa ke kira karkashi, da ake jiƙawa a wanke gashi da yauƙinsa ya yi laushi. A inuwar darbejiya ko ta danga ake shimfiɗa tabarma, mai kai ta jingina kanta a cinyar makitsiya, ita kuwa ta ɗan lakaci mai ta ajiye a bayan hannunta na hagu, tana tsaga tana dangwala, bakinta bai daina hira ba, idonta bai bar layi ba. Daga hannuwan nan ne kalaba da shuku da zane ke fitowa, da kuma doka, wadda tsofaffi suka fi tunawa da ita, inda ake cusa tsumma a tsakar kai a tayar da gashi a kansa ya yi tudu, har ɗaurin kallabi ya zauna da kyau.

Abin da mata suka fi yin gardama a kai shi ne hannu. Ana cewa hannun wance yana karɓar mutum, gashi ya yi tsawo ya cika, hannun wance kuma yana cin gashi. Wasu na ganin baiwa ce daga Allah, wasu na danganta ta da asirin da aka gada, masu lura kuwa suna cewa yawan matse gashi ne ke karya gaban goshi. Kowanne aka ɗauka, mace ba ta sauya makitsiya da wasa, domin kai amana ne. Shi ya sa gashin da ya zube ake tattara shi a damƙa wa mai shi ta ɓoye ko ta binne, don gudun kada ya faɗa hannun maƙiyi, kuma makitsiyar da aka sani da kwasar zancen wani gida zuwa wani gida takan rasa mutanenta komai iyawarta.

Ita ce ke kitsa amarya bayan an cire ta daga lalle, ita ake kira wa mai jego gab da suna da kuma ranar arba'in, ita ce kuma ke gyara kan matar da ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma. Ladanta a da hatsi ne ko goro ko turmin zane a lokacin biki, kuma da shi zawarawa da yawa suka ciyar da marayu, suka haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Kakarta ita ce bayan girbin gero, lokacin aurarraki, da jajiberin salla, inda takan kai tsakar dare tana aiki da fitila.

Zamani ya taɓa sana'ar ta fuska biyu. Yaɗuwar hijabi, wadda Adeline Masquelier ta yi nazarinta a Dogon Dutsi cikin littafinta na 2009, ta mayar da kitso adon cikin gida, yayin da malamai ke hani ga ƙarin gashi. A ɗaya ɓangaren kuma, gashin kanti da ake kira meshi ya cika kasuwa, 'yammata sun buɗe shaguna, suna kwaikwayon samfurin da suka gani a waya. Samun ya ƙaru, kuma wannan abin farin ciki ne, sai dai da wuya a sami budurwar da ta iya tayar da doka. Tsofaffin da suka san sunayen kitson Arawa da ma'anarsu suna nan a Matankari da Lugu da Gesheme, kuma wajibi ne 'ya'yan yankin masu ilimi su je su zauna da su, su rubuta sunayen, su ɗauki hotunan tun suna raye.