Siyasa da Kujerar Alƙali a Najeriya

Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya danƙa ikon yanke hukunci a hannun kotuna, ya ware shi daga ikon majalisa mai yin doka da na ɓangaren zartarwa mai aiwatar da ita, domin wanda aka zalunta ya sami inda zai kai kuka ko da mai mulki ne ya zalunce shi. Aikin alƙali shi ne ya saurari masu jayayya, ya auna hujjojinsu, ya fassara doka yadda take, ba tare da duba wanda hukuncin zai yi wa daɗi ba. Siyasa kuwa tana shiga ne a duk lokacin da naɗin alƙali, ko tsige shi, ko hukuncinsa, ya koma bin son ran masu riƙe da madafun iko.

A ranar 25 ga Janairun 2019, ana saura makonni kaɗan a yi babban zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, alhali sashe na 292 ya ɗora cire mai wannan muƙami a kan amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa. Ko da zargin ɓoye kadarori da aka yi masa yana da tushe, lokacin da aka zaɓa da hanyar da aka bi sun isa su sanya tsoro a zuciyar kowane ƙaramin alƙali.

Babbar ƙofar ɓarna ita ce shari'ar zaɓe, saboda tun da kujerar gwamna ta zama abin da ake iya samu ko rasawa a gaban alƙalai, hankalin 'yan siyasa ya karkata daga rumfar zaɓe zuwa harabar kotu. A Kano, kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na Gwamna Abba Kabir Yusuf a Satumbar 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire shi, amma sai takardar hukuncinta ta fito da wasu sassa masu saɓa wa abin da aka karanta a zaure (aka ce kuskuren rubutu ne), kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024. A Mayun 2024 kuma, Babbar Kotun Tarayya da Babbar Kotun Jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna kan rikicin masarautar Kano, kowane ɓangare ya garzaya inda yake sa ran samun biyan buƙata, har sai da Alƙalin Alƙalai Olukayode Ariwoola ya kira shugabannin kotunan biyu. Asalin matsalar a shari'ar masarautar shi ne hurumi, wato iyakar irin ƙarar da doka ta yarje wa kotu ta saurara, wanda wajibi ne alƙali ya tantance shi kafin ya taɓa komai.

Jama'a ma suna da nasu kason laifi, domin magoya bayan jam'iyya sukan yabi kotu ranar da ta ba su nasara, su zage ta ranar da suka faɗi, ba tare da sun tambayi dalilin hukuncin ba. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya sani cewa zaman kotu a buɗe yake ga mai son halarta, kuma wanda ke da hujjar cewa alƙali ya karɓi toshiyar baki ko ya yi son kai yana da damar rubuta ƙorafi ga Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda ke da alhakin ladabtar da alƙalan manyan kotuna.