Tattaki Da Kiɗa A Kunne: Maganin Zaman Rumfa A Kasuwar Malanville

Duk wanda ya san kasuwar Malanville, wadda ake lissafa ta a matsayin ta biyu a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, ya san mutanenta kashi biyu ne. Akwai masu dako da 'yan turin kura da ke wuni suna fama da buhunan albasa da masara da shinkafa, akwai kuma mu masu rumfa da dillalai, da muke zama kan benci tun hantsi har la'asar, sai dai salla ta tashe mu. Na farko suna kukan ciwon baya, mu kuma hawan jini da ciwon suga ne ke bin mu a hankali, irin kisan mummuƙen da ba a farga da shi sai ya kayar da mutum. Shayi mai zaƙi sau uku a rana, tuwo da dare, ko masallacin unguwa sai an hau kabu-kabu. Ina jiki zai ƙone abin da aka ba shi?

Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, wato minti 30 a kwanaki biyar. Wannan ba ya bukatar kuɗi ko wani kayan aiki, tafiyar ƙafa da sauri ta wadatar. Matsalar ita ce tafiyar da yawancinmu ke yi tafiyar zuwa ɗaurin aure ce, ana jan ƙafa ana gaisawa da jama'a. Masana sun yi ittifakin cewa tafiyar da ke sa zuciya aiki ita ce wadda mutum ke taku kusan 100 a minti ɗaya, har numfashinsa ya ɗan ƙaru amma yana iya magana. To a nan ne kiɗa ke shigowa, domin ƙafa tana bin ganga ko mai ita bai yi niyya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu sun san dalilin da ya sa ake kai makaɗa gonar gayya, sun san mata ba sa gajiya da daka idan ana lugude, haka maƙera da masunta kowa da kiɗansa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne sanya kiɗan cikin aljihu. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da ƙaramar rediyon kaset mai suna Walkman, a daidai lokacin da gudun sassarfa ya zama yayi a Amurka da Turai, sai masu gudu suka riƙa jera waƙoƙin da suka dace da takunsu a kaset ɗaya. A yau memorin wayar salula ne ya gaji wannan kaset.

Daga cikin waƙoƙin da ake jerawa har gobe akwai na kiɗan jita na rok na shekarun 1970 da 1980, kuma dalilin bai wuce gangar ba, domin mai ganga a irin wannan kiɗa ba ya sauya bugu daga farko har ƙarshe. Waƙar ƙungiyar Queen ta Ingila mai suna Another One Bites the Dust, ta 1980, tana da bugu kusan 110 a minti, haka ma Eye of the Tiger ta ƙungiyar Survivor, wadda aka yi wa fim ɗin dambe na Rocky na uku a 1982. Su biyun sun dace da tafiya mai sauri. Sultans of Swing ta Dire Straits, ta 1978, tana kaiwa kusan 148, ta fi dacewa da mai sassarfa. Ko manyan 'yan tsere sun yarda da wannan dabara, domin a 1998 ɗan Habasha Haile Gebrselassie ya kafa tarihin gudun mita 2000 na cikin zaure a Birmingham yana bin bugun waƙar Scatman da aka sa masa a lasifika.

Kada mai karatu ya ɗauka sai an je Turai kafin a samu irin wannan kiɗa. Can arewacin Nijar, Bombino ɗan Agadez ya koyi jita yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, jagoran Dire Straits ɗin nan, har aka sa faifansa Deran na 2018 cikin masu neman kyautar Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, waƙoƙinsa sun fara yaɗuwa ne daga waya zuwa waya ta memori, irin yadda yaran da ke tura waƙa a bakin tasha ke yi. Daga kudu ga Poly-Rythmo ta Kwatano, ga kuma kalangun marigayi Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos, waɗanda yawancinmu muka tashi da su a kunne.

Hanyar zaɓe mai sauƙi ce. Ka kunna waƙa, ka duba agogo, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta buga ƙasa cikin daƙiƙa 15, sai ka ninka sau huɗu. Idan ka samu 25 zuwa 30, wato 100 zuwa 120, wannan ta tafiya ce. Ka fara da mai sanyi ta minti biyar, ka bi da huɗu ko biyar masu zafi, ka rufe da wata mai sanyi. Ka ga minti 30 sun cika ba tare da ka sake duba agogo ba. Wanda ba ya sauraren kiɗa kuma, sai ya ƙirga takunsa da kansa, ko ya samu abokin tafiya mai zafin nama.

Sai dai akwai hattara. Babbar hanyar da ta taso daga Kandi zuwa gadar Gaya ta manyan motoci ce, kuma ko lokacin da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, zirga-zirgar babura da amalanke zuwa mashigar kwale-kwale ba ta tsaya ba. Saboda haka a sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai, a rage ƙara, a bi gefen da ake fuskantar motar da ke tahowa, ko a zaɓi hanyoyin da suka nufi fadamun shinkafa. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40. A sha ruwa kafin a fita. Wanda aka riga aka ce yana da hawan jini ko ciwon zuciya, ya fara tuntuɓar likita, kuma kada ya bar maganinsa don ya fara tattaki. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take.

Mu 'yan kasuwa mun iya lissafin riba da faɗuwa har na dala ɗaya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san awon jininsu. Hausawa suka ce lafiya uwar jiki, kuma rumfar da mai ita ke kwance a asibitin Parakou ba ta ciniki. Gobe da asuba, kafin a buɗe rumfa, a ɗaura takalmi a gwada minti 30. Allah Ya ƙara mana lafiya da kasuwa mai albarka.