Gwaninta Ko Sa'a? Duba Yadda Ake Haɗa Ƙungiya

A makon jiya wani ɗalibina ya tsaya bayan lacca yana kai mini kuka. An lallasa shi a wasan ƙwallon FIFA ta intanet, amma ya rantse abokin karawarsa bai fi shi iya wasa ba. "Malam, 'yan wasansa ne suka fi nawa," in ji shi. Da farko na ɗauka borin kunya ne kawai. Da na bi diddigin lamarin, sai na ga yaron yana da hujja.

A gidajen gem na unguwanninmu ƙa'idar a fili take: kai ka ɗauki Real Madrid, ni in ɗauki Barcelona, a ga wanda hannunsa ya fi faɗawa. Tsarin Ultimate Team kuwa, wanda kamfanin EA ya shigo da shi a 2009, ya sha bamban. A can mutum yana haɗa ƙungiyarsa ne da katunan 'yan wasa, waɗanda ke fitowa daga ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Ana iya tara sulallan wasa a sayi kati a kasuwar cikin gem ɗin, gaskiya ne, amma mai kuɗi yana yanke hanya, ya yi ta sayen ƙunshi har sa'arsa ta faɗo. Ke nan tun kafin a hura usur an raba rabin wasan. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba wannan a 2018 ta ce caca ce, kuma a farkon 2019 kamfanin ya daina sayar da makin sayen ƙunshin a ƙasar. Iyaye da ke ganin 'ya'yansu "wasa kawai" suke yi, ya kamata su san wannan.

A gasar League of Legends an bi wata hanyar. Kowane ɓangare na mutum biyar yana haramta jarumai biyar, sannan a riƙa zaɓa bi da bi daga rumbu guda mai jarumai sama da 160, kowa na kallon zaɓin ɗan'uwansa. Zaɓin kansa ya zama fagen dabara, kamar dara. A 2025 aka ƙara tsaurara doka: jarumin da aka yi wasa da shi a zagaye ɗaya ba ya sake fitowa a wannan karawar, don haka wanda ya haddace dabara ɗaya tak asirinsa zai tonu. Ba na cewa sa'a ta ɓace a nan. Tana nan, amma an rage mata ƙofofin shiga. Shi ya sa ɗan Koriya ta Kudu da ake kira Faker ya iya cin kofin duniya sau biyar tsakanin 2013 da 2024. Sa'a ba ta maimaita kanta haka.

Ɗalibin nawa dai ya ce ya daina sayen ƙunshi. Ya koma gidan gem na bakin kasuwa, inda duk wanda ya biya kuɗin zama yake da ikon ɗaukar Real Madrid.