Tarihin Darajar Fam a Birnin Landan

Muna son jama'a su fahimci cewa a da gwamnatin Birtaniya ce ke ƙayyade darajar fam. A 1949 ta rage ta daga dala 4.03 zuwa 2.80, a 1967 kuma zuwa 2.40. Wannan ragi na biyu ya taɓa mu, domin Nijeriya ba ta rage darajar nata fam ɗin ba, saboda haka gyaɗar da aka sayar da kuɗin Ingila ta kawo abin da bai kai na da ba. A 1972 aka sakar wa kasuwa farashin. An ɗaure shi da kuɗaɗen Turai a 1990, amma ya kuɓuce a Satumbar 1992. Tun 1997 Bankin Ingila ke tsayar da kuɗin ruwa, ba minista ba.