Ƙirar wuƙa: ina ake samun ƙarfe, da me ake farawa?

Tun da gwamnatin Legas ta tsananta dokar hana acaɓa a 2022, samarinmu da yawa a Agege da Mile 12 ke neman sana'ar hannu. Ni ɗan falken shanu ne, na tashi ina bin Baba kasuwannin Nguru da Gashuwa, kuma duk inda mahauta suka taru za ka ga maƙeri a gefe. A kudu ma ana yanka kullum, kamar a Oko-Oba, amma wuƙa mai kyau galibi daga arewa ake kawo ta.

Ƙarfe shi ne maganar. Rodin gini ba ya riƙe kaifi, kada ka ɓata gawayinka a kansa. Maƙeranmu sifirin mota suke nema, musamman na tsohuwar akori-kura, sai tsohon magagari da ya cinye. Wurin 'yan gwangwan ake saye, da kilo. Mutanen Nguru kan aika Ƙofar Ruwa a Kano, ku kuwa ga Owode Onirin da Ladipo kusa da ku. Kafin ka biya, ɗora shi a injin wasa wuƙa: in tartsatsin ya fito da yawa yana fashewa kamar taurari, ƙarfen zai yi, in dogo ne shiru, bar musu. Duba tsaga kuma, don sifirin da ya sha lodi yakan tsage ta ciki, sai ka gama wahala wuƙa ta karye. Ƙarfen dogo dai a kiyaye. Mu 'yan Nguru, inda layin jirgi daga Kano ya ƙare tun wajen 1930, mun san kayan gwamnati ne, ɗauri ake yi a kansa.

Kayan farawa ba su da yawa: uwar maƙera, masaba, awartaki, magagari, zugazugi da dutsen wasi. Gawayin ƙirya ya fi, yana daɗewa yana ba da zafi.

Inda gwani ke bambanta shi ne ƙarfafa baki. A gasa wuƙar ta yi ja har maganaɗisu ya daina kama ta, a tsoma a mai nan take. Ruwa kan fasa sifirin. A wannan hali ta yi tauri amma tana iya ɓallewa kamar kwalba, don haka sai a goge ta a sake ɗumama ta a hankali har ta yi launin busasshen kara. Daga nan ƙota, kube kuwa aikin dukawa ne.

A ganina ka fara zama wurin maƙeri ko na wata shida ne, ka soma da wuƙar fiɗa kafin ta yanka. In za ka kai kaya kasuwa, naɗe su a buhu, ka riƙe shaidar ƙungiyar sana'arka, don ɗan arewa da tarin wuƙaƙe a shingen 'yan sanda sai ya yi dogon bayani. Ciniki ya fi tashi makonni biyu kafin Babbar Sallah.