Ina Gefen Gonarka?

Damina ta wuce, kaka ta yi. Gero ya daɗe a rumbu, yanzu ana yankan dawa, manyan motoci kuwa suna ta shiga kasuwar Dawanau da buhuna. A wannan lokaci ne ekklesiyoyinmu na Kano sukan sa ranar godiya. Iyali su yi ado, su fito da waƙa, su ajiye baikonsu a gaban Ubangiji. Kafin a jima hunturu ya busa, sai ga Kirsimati.

Masu bi da ke zaune a Nassarawa G.R.A. yawancinsu ba manoma ba ne. Tun zamanin Turawa unguwar manyan ma'aikata ce. Hatsinsu daga kasuwa yake zuwa, kayan miya daga 'Yankaba. Mutumin da bai taɓa tsayawa a gona yana duban gabas ko hadari zai taso ba, da sauƙi yakan manta da wanda ke ciyad da shi. Dattawan da suka ga farin 1973, sa'ad da shanu suka mutu, mutane suka gangaro daga Nijar neman abinci, sun sani kuɗi ba ya saukar da ruwa. Ko madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ruwan sama take tarawa.

To, wace irin godiya ce za ta gamshi Allah? A Littafin Firistoci sura 19, an umurci Isra'ilawa kada su girbe gona har gefenta, kada kuma su koma su tsince abin da ya zube. Wannan rabon matalauci ne da baƙo. Mu ma a ƙasar Hausa mun san kala, mun san roron gyaɗa. Da kalar nan Rut, gwauruwa kuma baƙuwa, ta ciyad da surukarta Na'omi daga gonar Bo'aza a Baitalami. Ita ce ta haifi Obida kakan Dauda, daga zuriyar nan kuwa aka haifi Mai Cetonmu a garin nan. Dubi abin da Allah ya yi da zangarniyar da wani ya bari a ƙasa!

Ya ɗan'uwa, albashinka shi ne gonarka. Ina gefenta? Ba sai ka je nesa ba. Ga mai gadi yana kwana a bakin ƙofa cikin ɗarin Disamba, yana hura 'yar wuta. Ga yarinyar da ke wanke-wanke tun asuba da ruwan sanyi, ga direba, ga mai dafa abinci da iyalinsa a ɗakunan baya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 abinci ya yi tsada, su ne kuwa suka fi jin jiki.

Surar nan ta kuma hana a bar hakkin ma'aikaci ya kwana a hannun maigida. Saboda haka a fara daga nan: a biya su albashinsu cif kafin a sayi kayan biki. Sa'an nan a ware kwano kaɗan daga kowane buhu da ya shigo gidan, a haɗa da bargo ko rigar sanyi. Kada a tambaya ko Kirista ne ko Musulmi, gama dokar ta ambaci baƙo musamman. Uwargida, ki bar yara su auna da hannunsu, su kai da ladabi, domin su tashi da sanin cewa ba dukan abin da ke gidan ne nasu ba.

Baikon majami'a yana da kyau, kada a fasa. Amma a can jama'a suna kallo, a bayan gida kuwa Allah kaɗai ke gani. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Allah ya ba mu Ɗansa kyauta, ba mu da abin biya. Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta bar gefen gona a wannan kaka. Amin.